Yadda Na Kai Ƙarar Mijina Dutsen Addu'a

Juma'a: Kado zuwa Bwari

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka tashi daga ƙofar majami'armu a Kado, mu sha takwas 'yan zumuntar mata, za mu dutsen addu'a a Bwari. Kowacce da damuwarta. Ni ƙarar mijina zan kai. Baban Ishaya ya yi ritaya daga ma'aikata, ya ce mu tattara mu koma ƙauyenmu a bayan Kafanchan. A daidai lokacin da Abuja ta fara zaƙi! Gine-gine na tashi ko'ina, wayar hannu ta shigo, manya na kirana in ajiye musu tarwaɗa a rumfata ta kasuwar kifi. Na ƙudura sai Ubangiji ya juya masa tunani.

Kafin mota ta motsa, uwar zumunta, Mama Lami, ta ce, "Azumi za mu yi kwana uku, kunu kawai da yamma." Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi. A ƙasan jakata kuwa akwai bandar tarwaɗa guda uku.

Wata tirelar rodi daga Dei-Dei ta gitta a hanya, sai bakwai saura muka isa Dutse Alhaji, tafiyar kilomita ashirin. Gaba kaɗan muka tarar da shingen 'yan sanda.

"Oga direba, me ka ɗauko?"

"Masu addu'a ne, yallaɓai," in ji direbanmu, Malam Habu.

Ɗan sandan ya zura kai, ya ja hanci. "Addu'ar nan tana ƙanshi fa." Jakata ya nufa kai tsaye, ya zaro kifin.

Mama Lami ta sauke tabarau. "Maman Ishaya, wannan fa?"

"Mama, cewa na yi ko za mu gamu da mabukaci a hanya."

"Ga ni," in ji ɗan sanda, ya zaɓi babba. Malam Habu bai daina dariya ba har Bwari.

Asabar: kan dutse

An sauke mu a ajin wata firamare a gindin dutsen, kowa da tabarmarta, bokitin ruwa naira ashirin. Hawan dutsen minti arba'in ne. Da safe na yi addu'a sosai, na jera wa Allah laifuffukan Baban Ishaya ɗaya bayan ɗaya, har da munsharinsa.

Ƙarfe biyu na rana yunwa ta ci ƙarfina. Na zagaya bayan wani falalen dutse, na ɓare kan kifi ke nan sai na ji an ce, "Sannu da azumi."

Tsohuwar da ke share wurin ce, wata Bagwariya, Kaka Ladi. Ta zauna, ta miƙo hannu. "Ni na wuce shekarun azumi, ke kuma da alama ba ki kai ba."

Muka ci tare, na kwashe labarina na faɗa mata. Ta nuna kudu da ƙayar kifi, wajen birni.

"Can inda kuka jera benaye, gonar doyarmu ce. A motar gwamnati aka kwashe mu. Na yi kuka har muryata ta dushe. Na ce Allah yana gindin tsamiyar da muke sujada, an baro shi baya. Da aka sauke mu a nan, wata mata da ban taɓa gani ba ta kawo mini ruwa, ta kama hannuna ta yi addu'a da sunan Yesu. Na ce, Ubangiji, ashe ka riga mu isowa." Ta dube ni. "Ke, 'yata, me kike tsoro?"

Na buɗe baki in ce ciniki, sai gaskiya ta fito. A Kado kowa ya san ni. A ƙauye kuwa ni matar wane ce kawai. Hawaye ya zubo mini. Na ba ta kifin da ya rage, na koma cikin mata na durƙusa. Ban sake ambaton mijina ba. Na ce, Ubangiji, inda ka riga ni, kai ni.

Lahadi: gida

Bayan sujada muka taso ƙarfe ɗaya, uku da minti ashirin ina ƙofar gida. Baban Ishaya na zaune da rediyonsa. Na ajiye jaka, na rusuna.

"Baban Ishaya, na yarda. Mu tafi."

Ya yi tari, ya rage muryar rediyo. "To... dama jiya wani ɗan kwangila ya zo. Suna neman mai kula da sito a Dei-Dei, shekara biyu. Na ce sai na ji ta bakinki."

Na miƙe tsaye. "Sai da na hau dutse na sauko, na yi kuka, na sallama rumfata a zuciya, sannan za ka gaya mini? Ni ƙauye na shirya. Je ka yi naka azumin."

Shekara biyun muka ƙara, sannan muka taho, ba wanda ya ja wani. Daga ƙauyen nake rubuto muku wannan. Godiya ga Kaka Ladi, ga Mama Lami da ta rufa mini asiri wurin fasto, ga kuma Ubangiji da ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, bai kuma biye mini ba.