Mujiyoyin Rimin Baban Ladi

Ku matso kusa ku ji wata magana da na daɗe ina riƙe da ita. Bana shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana Yohanna, wanda ake kira Baban Ladi. Ni aji uku na tsaya a makaranta, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

A shekarun saba'in, a ƙauyenmu ta wajen Kagoma, akwai wani tsohon rimi a bakin gonarmu, mujiyoyi na zaune a kogonsa. Wata damina yara biyu suka mutu a unguwa, aka ce kukan mujiya ne ya kira su. Dattawan ikilisiya suka zo har gida, wai a sare rimin.

Baban Ladi bai iya gardama ba. Ya kai su gindin itacen, ya tsinci dunƙulen da mujiya ke amayarwa, ya murje a tafin hannu. Gashi ne da ƙananan ƙasusuwa.

"Ku duba, iyayena, ɓera ne. Ɓera in ta haihu, kafin a gama noma na biyu 'ya'yan ma sun haihu. Tsuntsun nan ne ke rage mana su."

"To, Yohanna," in ji wani dattijo, "kai ne lauyan mujiya yanzu? Ko taro kuke yi tare?"

Aka yi dariya, amma maganar ba ta tsaya a dariya ba. Aka sare rimin, aka bi sauran mujiyoyin da duwatsu, shi kuma aka hana shi cin jibin Ubangiji tare da sauran masu bi a coci. Mata suka daina zuwa ɗiban wuta a gidanmu. Ina tsakar gida ina jin abin da ake kiransa ta bayan danga: maye.

Kaka ta farko ba a ga komai ba. A ta biyu ɓeraye suka shiga acca tun tana gona, suka bi ta har rumbu. Da suka cinye, su ma yunwa ta kama su, suna mutuwa a hanya, wari ko'ina. Namu rumbun ya tsira, don tun ranar da rimi ya faɗi ya ɗaga shi kan duwatsu, ya toshe kowace kafa, ya kawo kuliyoyi.

Dattijon nan da ya kira shi lauya ya zo da ƙwarya neman iri. Baban Ladi ya cika masa har baki. Ni ce bakina ya ƙi rufuwa, na ce, "Baba, a ci lafiya, accar lauya ce." An mayar da shi kan jibi, amma ba wanda ya tashi a taron sujada a coci ya wanke shi. Wasu ma suka ƙara da cewa, me ya sa ɓera bai ci nasa ba? Da wannan tabon ya shiga kabari.

Yau ba mujiya ko ɗaya a wajenmu. Guba ake zubawa, ta kashe kaji da kuliyoyi, ɓera kuwa yana nan. Da yana raye, na san kai kawai zai girgiza ya ɗauki fartanya. Jikata da ke koyarwa a Kafanchan ta ce abin da ya faɗa a gindin rimi yana cikin littafin ɗalibanta. Na ji daɗi, amma littafi bai san sunansa ba.

Ku da kuka ci tuwon irin da ya bayar, kuna nan da yawa. Wa zai fara tashi ranar Lahadi ya ce Yohanna ba maye ba ne?