Doña Nilda Da Muryar Matar Don Casiano

Kafin masu kayan gwari na kasuwar La Cancha ta birnin Cochabamba su gama sauke buhunan dankali, Doña Nilda Zurita ta riga ta sauko daga bas, jaka a kafaɗa, tabarau rataye a wuya. Ba ta zarcewa shago kai tsaye. Sai ta tsaya wurin Doña Justina mai api, ta karɓi kofi guda na kunun jar masarar nan mai ƙona baki, ta sha a tsaye, su taɓa tsokanarsu ta safe.

"Yau ma gawarwakin mutane za ki je tayarwa?" in ji Justina.

"Gara ni, nawa suna tashi. Ke kuwa fanken jiya kike ɗumamawa ki ce mana na yau ne."

Daga nan ta ratsa layin masu gyaran waya har can ƙurya, inda shagonta yake. Wuri ne da mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai ɗaya ya yi haƙuri. Takan share teburi, ta kunna fitila, ta ɗora gilashi a hanci. A saman kanta akwai jerin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka waɗanda ko kyauta aka ba yaran yanzu ba za su ɗauka ba. Maƙwabta na kiran wurin gidan tarihi. Ita dai ba ta taɓa yarda an sabunta ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowace da tsohuwar manhajar da ta zo da ita, kuma kowace tana da ranarta.

Fiye da shekara ashirin ke nan haka safiyarta take. A ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, shi ya sa muka ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Aikinta ba mai ɗaukar ido ba ne. Kwamfuta za ta ce wa mai ita ga sabuwar babbar manhaja ta fito, ya danna, komai ya yi kyau, launi ya sake. Can daga baya a gano faifan ajiya, wannan ɗan akwatin da ake jonawa don adana kwafin hotuna da takardu, ya daina karɓar komai tun daga ranar. Wani lokaci sabuwar manhajar ce ta janye izinin shiga, wani lokaci ta daina gane tsarin tsohon faifan, wani lokacin kuma ta sake wa kwamfutar suna har faifan ya ɗauke ta baƙuwa. Galibi ba a farga sai ranar da ake neman abin. A ranar ne mutane kan iso ƙuryar Doña Nilda da bushewar leɓe.

Tambayarta ta farko ba ta canzawa: "Da kwamfutar ta tambaye ka ko a goge faifan, me ka danna?"

In aka ce ba a danna komai ba, sai ta sauke numfashi ta jawo wa mutum kujera. In aka ce an danna, nan ma kujerar take jawowa, sai dai muryarta kan yi ƙasa.

Akwai ɗalibar aikin jinya da ta zo da kuka saboda kundin kammala karatunta, yanzu ita ke auna wa Doña Nilda jini kyauta. Akwai mai ɗaukar hoton biki da ya kusa gudu daga Cochabamba saboda dangin amarya. Waɗannan duk layin ya san su. Amma labarin da ya fi zama a bakinmu shi ne na Don Casiano Arnez.

Tsohon direban babbar mota ne, daga garin Punata. Matarsa, Benigna, ta tafi Sifen tun yaransu na makaranta, tana kula da wata tsohuwa a can. An ce shekara biyu za ta yi. Aka gina ɗaki, aka ƙara wani, aka yi rufi, yara suka gama karatu, Benigna ba ta dawo ba. Duk Lahadi takan turo masa saƙon murya, shi kuma 'yarsu Maribel takan kwashe saƙonnin ta zuba masa a kwamfuta, ta jona faifan ajiya ya ɗauki kwafi. Ana saura kaɗan ta dawo gaba ɗaya, ciwon zuciya ya ɗauke ta a can. Akwatin kayanta ya iso, ita ma ta iso a nata akwatin, na gawa.

Daga nan kwamfutar ta zama abokiyar hirar Don Casiano. In ya gama cin abincin rana, sai ya buɗe ta a tsakar gida, ya zaɓi wata Lahadi daga cikin shekarun, ya saurara. Har amsa mata yake yi.

Ranar da ya zo shagon, a cikin zanen goyo ya naɗo kwamfutar da faifan, ya rungume su a ƙirji. Maribel na biye da shi, idanunta sun kumbura.

"Doña Nilda, ni na jawo," in ji Maribel. "Na ga ta yi nauyi, na ce bari in sabunta masa ita. Watanni ke nan. Yanzu tana kunnuwa ta mutu, faifan kuma cewa take ba ta san shi ba."

"Me kuka danna?"

"Na kai hannu zan danna, Baba ya buge mini yatsa."

Doña Nilda ta dubi tsohon ta saman gilashi. "Don Casiano, da ina da lambar yabo da na rataya maka."

"Ni ban san komai a kanta ba," ya ce. "Na dai ga kalmar gogewa. Matata ce a ciki."

Ba ta kunna kwamfutar tasa ba. Ta kara ta a kunne, ta ɗan karkata ta, ta ajiye a gefe. Sannan ta hau kujera ta sauko da ɗaya daga cikin tsofaffin nan na saman kanta, ta hure ƙura, ta jona faifan. Tsohuwar kwamfutar ta yi ta nishi, can sai faifan ya buɗe. Shekaru suka jeru a allo, kowace da Lahadinta. Maribel ta toshe baki da hannu.

"Tsaya tukuna," in ji Doña Nilda. Ta gangara har ƙarshen jerin, ta sa yatsa a kan kwanan wata. "Nan ajiyar ta tsaya. Ranar da kika sabunta ke nan. Akwai abin da kuka zuba bayan wannan?"

Maribel ta ce akwai. Ashe saƙonnin watannin ƙarshe ba su shiga da wuri ba, saboda hidimar rasuwa. Sai bayan sabuntawar Maribel ta kwashe su daga wayar mahaifinta, wayar kuma an zare masa ita daga aljihu a cikin bas. Babu su ko'ina sai a cikin kwamfutar da ke mutuwa.

"Na ƙarshen yana ciki," in ji Don Casiano. "Wanda ta turo ana jibi za ta faɗi."

Wani mai gyaran zai ce kada ka damu, Baba, an gama. Doña Nilda ba ta iya wannan ba. Ta ce masa faifan cikin kwamfutar ya gaji, duk kunnawa ɗaya rage masa kwana take. Za ta ciro shi, ta kwashe abin da ke ciki a hankali zuwa wani sabo, wurin da ya ƙi karantuwa ta tsallake, ta dawo masa daga baya. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba.

"Ka je gida, in na gama zan kira Maribel."

"Zan jira."

"Ba aikin yini ɗaya ba ne."

"Doña Nilda, na jira ta shekara goma sha wani abu. Kujerarki ba za ta gagare ni ba."

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe sai ya shigo motar Punata, ya zauna a bakin shagon da hularsa a gwiwa. Justina ta riƙa aiko masa da api, tana cewa an yi wa Nilda saurayi a tsufa. Yakan yi murmushi, idonsa na kan ɗan layin da ke tafiya a allo kamar ba ya tafiya. Doña Nilda na sallamar sauran masu zuwa, amma kunnenta na wurin faifan. In ya fara wani ƙaras-ƙaras sai ta dakatar, ta bar shi ya huce, ta sake farawa. A tsakanin haka ya ba ta labarin Benigna: yadda take dariya har sai ta riƙe bango, yadda ba ta taɓa yarda ta ci miyar gyaɗar wani ba tare da ta ce gishiri ya yi kaɗan ba.

Wajen ƙarshen mako, da hantsi, aikin ya kammala. Kusan duk saƙonnin sun fito lafiya. Na ƙarshen ne ya faɗa daidai inda faifan ya lalace. Doña Nilda ta saurara ita kaɗai da abin kunne, ta sake gwada wurin ta kowace hanya da ta sani, sannan ta cire gilashinta ta kira shi ciki.

"Na samo rabinsa. Sauran ya tafi, kuma ba zan ce maka wani zai iya dawo da shi ba."

Ta sa masa abin kunnen, amma ya cire. "Sa ta a fili. Ba ta iya magana a ɓoye ba."

Muryar ta cika ɗan shagon, da 'yar dishewa, ana jin ƙarar motocin wata ƙasa a bayanta.

"Casiano, tsohon banza, na san kana can ka bar wanki a igiya. Ɓauren tsakar gida ya yi 'ya'ya? Kada ka bari tsuntsaye su cinye, kada kuma ka rabar wa maƙwabta duka. Ka ajiye mini nawa, don in na zo a watan..."

Nan ta yanke.

Mai gyaran wayar da ke kusa ya kashe rediyonsa. 

"Ka yi haƙuri," in ji Doña Nilda. "Na so in kawo maka ita duka."

"Watan biyu ta ce. Ta ce in gyara ƙofar kicin kafin nan, kuma in daina sa rigar nan mai ruwan ƙasa." Ya dubi rigar da ke jikinsa, mai ruwan ƙasa. "Sauran na haddace. Muryar ce ta fara ɓace mini, ita nake tsoro."

Ba ta sallame su a ranar ba sai da ta yi kwafi biyu, ɗaya na Punata, ɗaya na gidan Maribel. Ta saka sabon faifai a cikin kwamfutarsa, ta gyara izinin da sabuwar manhajar ta janye, ta sa ajiyar ta gudana a gabansu, sannan ta sa Maribel ta buɗe saƙo ɗaya daga cikin faifan da hannunta, don ta ga da idonta cewa ya shiga. A bakin ƙofa ta riƙo hannun yarinyar ta ce, "Ba ke kika kashe faifan nan ba, tsufa ne. Sabuntawa kuwa kowa na yi. Ki daina kallon babanki kamar kin ci masa amana."

Ke ce wannan, Doña Nilda. Ke ce mai sanyin hannu a inda kowa ke rawar jiki. Ba ki taɓa buɗe hoton wani don ki kashe ƙwarƙwatar ido ba, ba ki taɓa kai sirrin faifan wani wurin mai api ba, duk da Justina ta yi iya ƙoƙarinta. Kin faɗa wa mutane gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙin faɗa. Garin nan rabin mutanensa na wata ƙasa. Kusan kowane gida akwai uwa a Sifen ko ɗa a Arjantina, kuma abin da ya rage mana nasu yana cikin waɗannan ƙananan akwatunan. Ke kika gane haka tun ba mu gane ba.

Mun kuma san kina da naki. 'Yarki tilo na Italiya, da jikoki biyu da ba ki taɓa ɗauka ba. A allo kika ga haƙorinsu na fari, a allo kika ga tafiyarsu ta fari. Da ta ce ki zo ki zauna, kin yi ta ja, kina cewa wa zai kula da layin. A ƙarshe idanu suka fara gajiya da ƙananan sukurori, kika amsa.

Tsofaffin kwamfutocin Doña Nilda ta bar wa wata matashiya mai gyara a layin gaba, da sharaɗin kada ta sabunta su. Makon jiya Don Casiano ya shigo daga Punata da kwando lulluɓe da ganye, cike da ɓaure.

"Ba za su bar ni in shiga jirgi da wannan ba," in ji Doña Nilda.

"To ki ci a nan. Wadda na ajiye wa ba ta zo ba. Ke da za ki je wurin naki, kada ki ɓata lokaci."

Ta ci ɗaya a tsaye.

Mun gode, Doña Nilda. Allah ya kai ki lafiya, ya sa jikokin nan su gaji da goyonki. Masu tasowa a wannan sana'a, ku ɗauki haƙurinta da riƙon amanarta, ku tambaya kafin ku goge, ku faɗi iyakar abin da za ku iya. Mu kuma sauran, duk wanda ke da muryar wani nasa a ajiye, ya jona faifansa yau ya buɗe ya saurara, domin daga wata mai zuwa in ka ruga ƙuryar layin nan, ƙofa za ka tarar a rufe.