Ilu da Dutse Mai Igiya

Shekarar da gyaɗa ta mutu a ƙasar nan, ina goyon Rabi, ita ce shekarar da taubashina Ilu ya tafi arewa fasa dutsen hanya, can gaba da Agadas. Ku da kuka san shi kun san ba a gama gaisawa da shi sai hannunshi ya shiga aljihu. Kafin ka ce ina gajiya, ya ɗora maka ɗan dutse a tafin hannu: "Duba nan. Mi ka gani?" In ka ce ƙumba, to ranar ba ka zuwa gona.

Abokan tafiyarshi sun komo da rediyo da turamen atamfa. Shi kuwa buhu ya sauke a Cadawa, jaki na nishi har gida. Matarshi Hurera ta leƙa, ta ga abu ja-ja, gajeru, ta ce dabinon Abzin ne ya bushe. Ta ɗebi ƙwarya guda ta jiƙa. Da la'asar ta latsa, ta ƙara ruwan zafi. Ilu ya shigo ya tarar, ya dafe kai.

"Hurera, ruwa kika sa masu?"

"To ba su yi laushi ba."

"Ai daga ruwan suka fito! Nan duk da kike gani, wani mai awon ƙasa ya ce mini teku ne a dā."

Hurera ta dubi rairayin tsakar gida, ta dubi rijiyar da muke ja har hannu ya yi kanta, ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, Malam."

Ni dai na shekara ina kaɗi, bakin mazarina cikin ƙumba yake juyawa, babu mai koya mini kamarta. Na ce, "Bawana, ƙumba ce ta zama dutse."

"Kuluwa, jahilcin gidanku bai ƙare ba? Ƙumba ɓari biyu ce daidai, kamar tafin hannuwanki. Wannan tukunya ce da murfi, ɗaya ya fi ɗaya. Ga ɗan rami a bakin babbar. Ta nan igiyarta ke fita, ta ɗaure kanta a gindin ruwa kamar akuya a turke."

"Wa ke kai mata dusa?"

"Ruwa ke kawo mata, ta buɗe baki ta tace. Ta fi ki hankali, ba ta yawon gidajen mutane."

Wata Juma'a ya tare liman da ita a hannu. Liman ya jujjuya, ya ce ƙila saura ce daga ruwan Ɗufana. Ilu ya ce, "To, Malam, an sa ta a jirgin?" Liman ya ce abin ruwa mi zai yi da jirgi. Ilu ya yi tsalle: "Ashe ba ta halaka ba! Tana da dangi!" Liman ya ce shi bai ce ba. Ina! Ilu ya riga ya kai bakin kwalta.

Tun daga nan duk direban babbar motar kaya da za shi Kotonu sai ya sha saƙo. Su kuma, don a rabu lafiya, su kwaso mashi ɓawon bakin teku. Ya zauna ya duba ɗaya-ɗaya, ya jefar: "Ƙumba. Ƙumba. Wannan ma ƙumba." Garinmu kaf babu macen da ta rasa abin kankare tukunya. Yara suka sa mashi Na-Ƙumba, sunan da ya fi zagin uwa ciwo a wurinshi.

Muna ta dariya, amma Ilu da Hurera Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan rasuwarta na tarar da shi zaune yana shafa dutsen, na ce, "Wai mi ya dame ka da dangin ƙumbar nan?" Bai rama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Kuluwa, so nike in san ko ta bar baya, ko surarta kaɗai ta rage."

Sai bara waccan, idonshi ya riga ya yi hazo, Rabi ta zo hutu daga Agiye, inda take koyarwa a kolej. Ta ce, "Kawu, na samo maka ita." Ta kunna mashi bidiyo a salula. Ya kai ido har hancinshi na taɓa gilashin, bai ga komi ba. Ya miƙo mini.

"Ke duba. Kowa zai yi mini ƙarya don tausayi, ban da ke."

Na duba. Ga ta cikin ruwa, manne da dutse, murfin ya ɗan ɗaga.

"Tana motsi?"

"Tana buɗe baki."

"Da igiyarta?"

"Da igiyarta, Ilu."

Ya tambayi Rabi ko suna da yawa. Ta ce a dā sun cika tekuna, aka yi wata halaka da ta kwashe mafi yawansu, yanzu ƴan kaɗan ne, galibi a ruwa mai sanyi da zurfi.

"Kaɗan ma gida ne," in ji shi. Ya share ido da hannun riga, ya juyo: "To, Kuluwa, faɗi."

"Ƙanwar ƙumba ce."

Rabi ta ce, "Inna, ko taubasai ba su ne ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kafin damina ya kira yaran unguwa, masu ce mashi Na-Ƙumba, ya ba kowa dutse guda, sai ka nuna mashi ramin igiya da yatsa kafin ya sakar maka. Gero na bununi Allah ya karɓi ranshi.

Cikin waɗanda suka ga saukar buhun nan, saura ni, da Abdu mai jakin, da ƙanwar Hurera a Gidan Sori, ita ma ba ta ji sosai. Nawa dutsen yana cikin taskira tare da mazarina. Jiya jikata ta ɗauka ta ce, "Kaka, ƙumbarki." Na ce, "Ke! Buɗe idonki. Ina kika taɓa ganin ƙumba da igiya?"

Allah ya jiƙan Ilu da Hurera, ya sanyaya makwancinsu, ya sa yaran nan su riƙa tuna shi da addu'a. Amin.