Lambun da Babana Ya Yi Gadi

Babana mutumin Kekun Waje ne, aikin gadi ya kawo shi Gusau. A bayan gari akwai ɗan lambu da wani tsohon malamin daji ya killace da waya tun ba a haife ni ba. Ya dasa maɗaci da dalbejiya, ya tara dabbobin da maharba ke kamowa a dazukan Tsafe: barewa huɗu, kunkuru biyu da jimina. Da malamin ya rasu, sai kulawa da su ta dawo wuyan babana.

Ina da cikin fari aka ba mu jiha. Gari ya fara faɗaɗa, kowa neman fili yake yi. Dusar da ake aiko wa dabbobin ta daina zuwa, sai babana ya riƙa hawa keke zuwa Bungudu, wurin ƙaninsa, yana ɗauro harawa.

Bayan shekara biyu aka yanke rabin lambun, aka fara gini. Magina suka kwance waya don motar yashi ta samu hanya. Wata Juma'a babana yana masallaci karnukan unguwa suka shiga. Ya dawo ya tarar da barewa uku a kwance cikin jini. Ta huɗun ta tsere, ba a sake ganin ta ba.

Da bazara jiminar ta daina cin abinci, tana wuni da wuyanta a ƙasa. Wata malama 'yar kudu, wadda ta saba kawo ɗalibanta kallo, ta zo da likitan dabbobi. Ina wurin, na kai wa babana tuwo. Likitan ya daɗe yana lallatsa cikinta.

"Baba, ƙarfe ta haɗiye," in ji shi. "Babu abin da zan iya yi mata."

Babana ya ce, "Yanka ta za ni yi ke nan?"

"Shi ne sauƙinta."

Babana ne ya yanka ta da hannunsa. A ƙundunta aka samu kusoshi da guntayen waya. Ya raba wa magina naman, shi ko taɓawa bai yi ba.

Damina na faɗuwa ya sa kunkurun nan biyu a buhu, ya sake su a bakin gulbi, ya koma ƙauye. Bai ƙara taka Gusau ba. Ko sunan ɗana na biyu, gero kawai ya aiko.