Bar-Rami da Daɓen Gidan Surukinsa

Duk garin ba wanda bai san Bar-Rami ba. Magini ne, gajere kakkaura, cokalin gininsa ya sha aiki har bakinsa ya cinye. Sunan kuma ba a banza ya same shi ba. In ka kira shi daɓen tsakar gida, zai yi maka aiki sumul, amma sai ya bar wani wuri kamar faɗin faranti babba bai sa siminti ba.

"Malam, nan fa?"

"Nan na bishiya ne."

Washegari sai ga shi da dashen mangwaro ko gwaiba a bayan kekensa. Daga gandun hukuma yake ɗaukowa, inda ake rabawa kyauta amma ba mai zuwa karɓa. Hukuma ta yi shela a rediyo har ta gaji, mutane suka yi kunnen uwar shegu. Shi kuwa Bar-Rami ba ya wa'azi, gardama yake yi. Ka ce saiwa tana fasa gini, ya nuna maka yadda ya nisanta ramin da katanga. Ka ce ganye shara ne, ya tambaye ka nawa ake sayar da tsintsiya. Ka ce akuya, ya kewaye maka dashen da ragowar bulo. Wasu suka ji haushi suka daina kiransa, matarsa ta yi mita ta haƙura. Amma in ka hau tudu ka dubi gari, kana iya nuna gidajen da ya yi wa aiki, don su ne masu kore.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, mijin 'yarsa, mai kantin magani. Da mai kantin ya gama ginin gidansa sai ya zo ya durƙusa ya gaishe da Bar-Rami, ya ce, "Baba, so nake a shafe ko'ina da siminti. Mota za ta riƙa shiga."

Mutumin da ya yi sa-in-sa da rabin gari ya amince ba gardama. Ina za a ga suruki yana musu da mijin 'yarsa? Ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya bar wa baƙi wurin inuwa, ga 'yar cikinsa za ta zauna a kan dutse.

Ya yi aikin yadda aka ce, daga ƙofa har bakin kicin. Kusurwar da ke gefen taga ce kawai ya sallami leburori ya ƙarasa shi kaɗai. Abokan sana'a suka samu abin tsiya. Ko'ina ya bi sai ya ji, "Bar-Rami, an ce ka yi ritaya?" Ya yi dariyar dole ya wuce.

Aka haifa masa jika mace a gidan, yana kiranta amaryarsa. Ta fara tafiya a tsakiyar bazara, lokacin da daɓen ke ɗaukar zafi kamar kasko, sai uwar ta riƙa tsare ta a ɗaki. Wata rana da azahar ya yi sallama, yarinyar ta ji muryarsa ta kubce a guje ba takalmi. Tana kaiwa tsakiyar gida ta tsaya cak, ta ɗaga wannan ƙafa ta ɗaga waccan, ta tsala ihu. Ya sure ta, yana hura mata tafin ƙafa. Uban yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

Ba a jima ba sai ga mai kantin magani a gidan Bar-Rami, riƙe da dashen lemo a baƙar leda, yana sosa ƙeya.

"Baba, na je gandu na karɓo. Amma an ce sai an yi hayar inji kafin a fasa daɓen nan, wai aikinka ba ya fasuwa."

"Mu je in gani."

Ƙaramar guduma kawai ya ɗauka. Da suka isa bai duba ko'ina ba, ya miƙe zuwa gefen taga, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa. Bugu biyu simintin ya ruguje kamar ɓawon ƙwai. Babu tsakuwa a ƙarƙashi, babu yashi, sai baƙar ƙasa da ya gauraya da taki tun ranar aikin.

'Yar Bar-Rami ta toshe baki da mayafi tana dariya, hawaye na zuba.

"Baba, ashe tun tuni…"

"Siminti ne ya ƙare mini a nan," in ji Bar-Rami, yana tona ƙasar da hannu. "Miƙo lemon. Amarya, zo ki riƙe mini buta, amma sa takalmi tukuna."