Zomon da Ya Ci Tuwon Suna Biyar

A Garhanga, lokacin sanyi, da an sallame magariba Kaka Hajo takan hura wuta da karan gero a tsakar gida, mu jikokinta mu kewaye ta.

"Ga ta nan tahe," in ji ta.

"Ta iso mu ji!"

Wai an gayyaci Kura da Zomo bukin suna a gidaje da yawa, duk rana ɗaya. Kura ta ji inda aka yanka sa, ta je ta share wuri ta zauna tun hantsi har faɗuwar rana. Zomo kuwa sai ya nemi sunan da za a riga tashi, ya je ya ci. Yana fitowa ya sake neman wanda zai fi saurin watsewa cikin waɗanda ba a fara ba. Kafin la'asar ya ci tuwo gida biyar.

Muka ce Zomo ya yi wayo.

"Ku dakanta, ba ta ƙare ba. Ran da ciwo yak kada shi, ba wanda yat taho gaishe shi. Kowa cewa shikai, wai ya zo sunanmu? Kura ko, da tay yi 'yar masassara, sai da anka rasa wurin aje takalma."

Na ji haushin wannan ƙarshe, don ni ɗan goyon bayan Zomo ne.

Yanzu ina Madawa, ni kaɗai a ɗaki, ina koyon rubuta wa kwamfuta umarni. Malaminmu, da muke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, ya ba mu jerin taruka, kowanne da lokacin farawa da na tashi, ya ce mu sa kwamfuta ta zaɓo mafi yawan da mutum ɗaya zai iya halarta. Kwana uku ina fama, sai Zomo ya faɗo mini a rai. Layi goma na rubuta, amsa ta fito daidai.

Na zauna ina kallonta, ba wanda zan nuna wa. Bara sau uku ana aiko mini cewa jikin Kaka ya yi nauyi. Zuwa Garhanga da dawowa kwana biyu ne, ni kuwa kullum sai in ga wani aiki da zai fi saurin ƙarewa, in fara da shi. Ban same ta da rai ba, kuma har yau abin yana cina.

Washegari Mushe ya duba aikina ya gyaɗa kai.

"Wagga ita ce dabarar haɗama: kowane mataki ka ɗauki abin da ya hi kyau a gabanka, babu waiwaye. Wa ya koya maka?"

Na ce kakata ce.

Ya ce, "In ka tahi gida, ka gaishe ta."