Itacen Daktora Rufaida Ya Shiga Dukhan

Rufaida taubashiyata ce, 'yar kawuna Harun mai saida ridi a kasuwar Gadarif. Tunda aka haife ta ban taɓa ganin ta zauna ta gama shayi ba. Ko salla take, sai ka ga kamar lori na jiranta a waje.

Ni karatu ya bar ni a aji biyar, ita kuwa ta yi ta karatu har makarantun Khartum suka ƙare. Sankarar mama ce ta kashe innarta, daga nan ta ɗaura yaƙi da cutar. Aikinta, yadda na fahimta, ta kiwata ƙwayoyin sankara a ɗan faranti kamar 'yan tsaki, ta ɗiga musu ruwan itace ta ga ko za su mutu.

"To boka kika zama ke nan, Daktora?"

"Lawali, boka cewa yake ya warkar. Ni gwadawa nake."

Da yaƙi ya tashi a Khartum ta dawo Gadarif, babu ɗakin gwaji, babu faranti. Ba ta zauna ba. Ta je Mafaza, bakin kogin Rahad, ta saro itacen talih da ɓawonsa, kowace bishiya da ƙullinta, ta shanya a inuwar rumfar gidanmu har suka bushe. Abokin aikinta Abuelgasim zai wuce Masar ranar Alhamis, shi zai kai su inda za a gwada. In ya tafi babu su, aikinta na shekara ya tafi.

Sai bikin ƙanwata Mubina ya zo. A nan kuwa amarya ba ta fita sai ta zauna kan ramin dukhan, hayaƙin talih ya ratsa ta. Yayarmu Adda Hanatu ta ga busasshen talih a rumfa, ta ce Daktora akwai zumunci, ta kwashe shi ta zuba a ramin amarya.

Rufaida ta shigo gidan, ta ja hanci, ta tsaya cak. Ranar na fara ganin ta tsaya.

"Adda, itacena fa?"

"Allah shi miki albarka, ƙanwata, bai da tauri ko kaɗan."

"Na bincike ne!"

"To ai ga amarya nan, ki bincika ta."

Na yi dariya har haƙarƙarina ya goce. Da na ga idonta ya kawo ruwa sai na haɗiye sauran.

Washegari ta ja ni Mafaza, ga damina ta faɗi. Taɓon Gadarif ya riƙe lorinmu kamar shi ya haife shi. Muka dawo da ɗanyen itace bayan Abuelgasim ya riga ya tafi.

Yanzu sabon yana shanye a ɗakinta, makulli a wuyanta. Ni kuma kullum tana kora ni tasha in tambayi masu tafiya Masar. Jiya na samo wani mai ɗinki da zai tafi, ta ce in koma in duba ko matarsa na yin dukhan.